Kafin ka ce an yi maguɗi, ina tiyar da ka auna?

Duk shekara idan sanyi ya shigo aka buga gangar kokowar takobi, akwai wata cuta da ke biyo bayanta kamar yadda tari ke biyo hunturu. Da zarar an kayar da ɗan jiharmu, kafin ya gama kakkaɓe rairayin gwiwarsa, labari ya riga shi isowa Madawa da Buza da Keita: wancan ya shafa mai, an ɗaure namu da laya, an sayi alƙali, an sayar da kokowar tun da dare. Idan kuwa namu ne ya yi kaye, to ƙarfi ne da iyawa da baiwar Allah. A bakin wasu masu ba mu labarin wasanni, ɗan Tawa bai taɓa faɗuwa don an fi shi ba.

Malamai ƴan uwana da iyayen yara, da masu wannan bakin nake faɗa yau. Ba ni da rigima da makaɗi ko maroƙi ko cali-cali. Kowa ya san sana'arsu: su wasa nasu, su yi wa na wasu zambo, a yi dariya a watse. Rigimata da wanda ya riƙe makirfo a gidan radiyo, ko ya buɗe shafi a Facebook da TikTok ya kira kansa ɗan jaridar wasanni, sannan ya ɗauki aikin maroƙi ya sa masa rigar labari. Maroƙi in ya ce wane tsafi ya yi, mun san roƙo yake. Ɗan jarida in ya faɗi haka, yaro ɗan shekara goma sha biyu da ke manne da radiyon babansa ya ɗauka gaskiya ce tsagwaronta, gobe kuma ya shigo mana aji da ita.

A kasuwar Madawa, idan ka ce mai hatsi ya tauye maka tiya, babu mai tsayawa sauraron rantsuwarka. Za a kawo wata tiya a sake awo gaban jama'a. In ka yi gaskiya, shi ya ji kunya, in ka yi ƙarya, kai za ka ba da haƙuri. Dillalin albasa ma bai isa ya ce buhu bai cika ba sai ya ɗaga an gani. Mutanen da ba su taɓa zama kan bencin lakkol ba sun san cewa zargi ba ya tsayawa sai da awo. Abin mamaki, wanda ya yi karatu aka ba shi makirfo shi ne ya mance.

Wannan cuta ba tamu ba ce mu kaɗai. Ga wani labari daga Amurka, ƙasar da ta fi kowa kuɗin wasanni da na'urori da manyan gidajen talabijin, don mu ga yadda lamba ɗaya ta ƙarya ke yin ɓarna.

Suna da wani wasan ƙwallo nasu, ƙwallon mai siffar gwanda, da hannu ake jifa ana cafewa. Dokar hukumar wasan, NFL, ta ce iskar da ke cikin ƙwallo ta tsaya tsakanin 12.5 da 13.5 a ma'aunin iskarsu, kuma kowace ƙungiya ita ke kawo ƙwallaye 12 da za ta kai hari da su. Ƙwallo in ya ɗan yi laushi ya fi daɗin riƙewa, musamman cikin ruwa da sanyi. Ranar 18 ga Janairu 2015, ƙungiyar New England Patriots ta kara da Indianapolis Colts a wasan neman zuwa na ƙarshe. Colts suka yi ƙorafi cewa ƙwallayen Patriots ba su da isasshiyar iska. Da aka je hutun rabin lokaci alƙalai suka auna, suka ƙara musu iska, aka koma fili.

Kwana biyu bayan wasan, wani gogaggen ɗan jarida na tashar ESPN, Chris Mortensen, ya ba da labari daga majiyar da bai bayyana ba, cewa 11 daga cikin ƙwallaye 12 an same su da gibin awo 2 cur ƙasa da doka. Nan take ƙasa ta ɗauka. Jaridu da gidajen radiyo da talabijin suka yi ta maimaita 11 cikin 12, kowa na dogara da ɗan uwansa, babu wanda ya ga takardar awon da idonsa. Shahararren ɗan wasan ƙungiyar, Tom Brady, ya zama ɓarawo a bakin duniya.

Sai a watan Mayu 2015, da lauya Ted Wells ya fitar da rahoton binciken da hukumar ta sa shi, aka ga ainihin lambobin. Ma'auni biyu aka yi amfani da su a wannan hutun, kuma ba su yarda da juna ba, akwai tazarar kusan 0.4 tsakaninsu. A ɗaya, ƙwallo guda tak ne ya yi ƙasa da awo 2. A ɗayan, babu ko ɗaya. Matsakaicin awon ya kama 11.11 a ma'auni na farko, 11.49 a na biyu. Alƙalin da ya auna ƙwallayen kafin wasa bai rubuta abin da ya samu ba, da ka ya riƙe. Ƙwallayen Colts kuwa huɗu kawai aka samu aunawa, lokaci ya ƙure.

Ga kuma abin da ya kamata ya ba mu haushi mu malamai. Duk ɗan kabu-kabu ya san tayar da aka cika da tsakar rana takan yi sanyi da asubahin hunturu ba tare da ƙusa ta taɓa ta ba. Iska in ta ji sanyi ƙarfin turinta raguwa yake. An cika ƙwallayen nan a ɗaki mai ɗumin kusan digiri 21, aka fita da su fili mai kusan digiri 9, ana ruwa. Ɗan lise zai iya lissafin a kan allo: a ƙara 14.7 na nauyin iskar waje a kan 12.5, a samu 27.2. A mayar da zafin zuwa ma'aunin Kelvin, 294 da 282. A ninka 27.2 da 282, a raba da 294, a cire 14.7. Abin da ya rage kusan 11.4 ne. Wato sanyi kaɗai zai iya cin fiye da awo ɗaya, ba tare da hannun kowa ba. Manyan masu sharhi da ke karɓar miliyoyin daloli sun kwashe kwanaki suna kumfar baki kafin wannan lissafi na ɗan makaranta ya samu wurin zama a cikin maganarsu.

Kada a ce na wanke Brady. Akwai abubuwan da suka jawo zato na gaske: wani ma'aikacin ƙungiyar ya shiga banɗaki da jakar ƙwallayen na kusan minti ɗaya da daƙiƙa arba'in kafin wasa, an ga saƙonnin salula masu ɗaure kai tsakaninsa da abokin aikinsa, Brady kuma ya sa an lalata salularsa lokacin bincike. Masanan da Wells ya ɗauka sun ce sanyi kaɗai bai isa ya bayyana dukan gibin ba, wasu masanan suka ƙaryata su. Rahoton kansa bai ce an tabbatar ba, cewa ya yi zaton an yi ya rinjayi zaton ba a yi ba. A kan haka aka dakatar da Brady wasa huɗu, aka ci ƙungiyar tarar dala miliyan ɗaya ta Amurka. Wani alƙalin kotu ya soke hukuncin a Satumba 2015, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi a Afrilu 2016. Wasan da aka yi duk wannan rigima a kansa kuwa, an tafi hutu Patriots na da 17 Colts na da 7. Bayan an cika ƙwallayen daidai da doka suka ƙara 28, Colts ba su ƙara ko ɗaya ba, aka tashi 45 da 7.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne wannan: ko Brady ya yi ko bai yi ba, lambar da ta tayar da ƙurar ƙarya ce. Hukumar da ke riƙe da lambobin gaskiya ta yi shiru wata da watanni. Ɗan jaridar bai cire saƙon nasa daga Twitter ba sai a watan Agusta, fiye da wata shida bayan ya sake shi. Magana zarar bunu ce. Har yau akwai Amurkawan da in ka tambaye su za su ce maka 11 cikin 12.

To idan wannan ya faru a inda ake da ma'auni da kyamara ta kowace kusurwa da lauyoyi da kotuna, ina ga filin kokowarmu, inda zargin yake tafiya a muryar WhatsApp ta minti biyu, daga bakin wanda bai ma je filin ba?

Kokowar takobi ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan. A Tawa aka fara ta a 1975, zamanin Seyni Kunce, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, har yau filin kokowar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Jihohi takwas ke kawo ƴan kokowa goma goma, mutum 80 ke nan, waɗanda aka tace tun daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jiha. Ƙasa kan tsaya cak a ranar ƙarshe. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi har sau shida. Yaron da ya taso daga wani ƙauyen Buza ko Keita, ya yi shekaru yana atisaye bayan ya dawo daga gona, wannan fili shi ne jami'arsa, sunansa shi ne dukiyarsa. Wanda ya ce masa da mai ya yi kaye, ko sayen kokowar ya yi, ba tare da hujja ba, ya sace masa abin da ba shi da kotun da za ta mayar masa. Brady yana da lauyoyi da ƙungiyar ƴan wasa da suka kai maganarsa kotu. Ɗan kokowarmu sai dai ya ce Allah ya isa.

Mu dubi zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya. Maganar laya da guru da kambu, ai a fili kowa ke shigowa da nasa, na Tawa da na Damagaram da na Difa, kowa da malaminsa a bayansa. Abin da kowa ya ɗaura a bainar jama'a ba ya zama maguɗin mutum ɗaya ranar da ya yi nasara. In laya ce ke kaye, me ya sa wanda ya faɗi bai tsira da tasa ba? Maganar mai ko wani abu mai santsi a jiki, wannan abu ne da hannu ke iya taɓawa, ƙyalle fari ke iya nunawa. Ana iya duba shi cikin daƙiƙa goma kafin a kama. Wanda bai yi ƙorafi kafin kamu ba, bai nemi a shafa a gani ba, sai bayan kaye ya tuna da mai, to ihu ne bayan hari. Maganar sayen alƙali ko sayar da kokowa ita ce mafi nauyi, kuma ita ce ta fi buƙatar shaida: wa ya ba wa, nawa, a ina, gaban wa? Wanda ke da amsar waɗannan ya kawo, mu ne na farko da za mu tsaya bayansa. Wanda ba shi da ita ya riƙe bakinsa.

Za a ce mini: Mushe, kana nufin babu maguɗi a wasanni? Akwai shi mana, kuma mun ga yadda ake kama shi idan da gaske ake. A watan Agusta 2016, ana shirin karawa tsakanin Nijar da Najeriya a wasan neman shiga gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17, aka sa yaran Najeriya a na'urar MRI da ke duba ƙashin wuyan hannu don gane ko girma ya rufe. Yara 26 suka faɗi gwajin, aka sallame su daga sansani, alhali Najeriya ce ke riƙe da kofin duniya na wannan rukuni da ta ci a 2015. Najeriya ta ci 1 da 0 a Abuja, Nijar ta rama da 3 da 1 a Yamai ta fitar da ita. Daga nan yaranmu suka bi hanya har gasar duniya ta Indiya a 2017, karon farko a tarihinmu, suka doke Koriya ta Arewa 1 da 0. Na'urar tana da masu sukar ta, don ƙashin yara ba lokaci ɗaya yake rufewa ba. Duk da haka dubi bambancin: an san abin da aka auna, an san da me aka auna, an yi shi kafin wasa, an faɗi adadi. Ɗan jaridar da ya ba da wannan labari yana da ƙasar takawa. Wanda ya ji an ce an ce, a iska yake tsaye.

Wannan misali kuma yana da ƙaya da ke sukar mu. Rage shekarun yaro a takarda, wa bai san shi ba a garuruwanmu? Uban da ya fi kowa ɗaga murya cewa an cuci Tawa a fili, wani lokaci shi ne zai zo yana neman a mayar da ɗansa mai shekara goma sha shida ɗan goma sha uku, don jarrabawa ko don gasar makarantu. Maguɗin da muke yi da hannunmu, mai takarda da hatimi, babu mai buɗe shiri a radiyo a kansa. Wanda ba mu gani ba, ba mu taɓa ba, shi muke kwana muna tafka muhawara. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Za a kuma ce: masu radiyon nan ba su da albashin kirki, wasu ma sa kai suke, kuma jama'a abin da ke da yaji suke so. Gaskiya ne aikin da wuya, kuma ban nemi a ɗaure kowa ba. Amma tambaya ba ta cin ko dala. Kiran ɗaya ɓangaren a ji ta bakinsa bai fi kuɗin katin da ake ƙonawa wajen yaɗa jita-jitar ba. Cewa "ga abin da magoya baya ke zargi, babu wanda ya kawo hujja" bai fi tsawon cewa "an yi maguɗi" da wani abin kirki ba. Kuma wanda ya saba ihun maguɗi duk shekara yana kashe kasuwar kansa. Ranar da za a yi na gaske, ya zo da shaida a hannu, mutane za su ce ai shi kullum haka yake. Masu maguɗin gaske babu abin da suke so kamar irin wannan ɗan jarida, don hayaniyarsa ce ke ba su mafaka.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke isowa aji. Yaron da ya girma yana jin cewa ba a faɗuwa sai da cuta, haka zai ɗauki sakamakon jarrabawarsa. Bai samu BEPC ba, to masu gyara ne suka danne shi. Abokinsa ya zo na ɗaya, to ubansa ya san mushe, ko an yi masa rubutu ya sha. Kowane malami a cikinmu ya taɓa jin irin wannan, kuma sau da yawa daga bakin uba kafin na ɗa. Yaron da ya yarda da haka ya rufe wa kansa ƙofar gyara, don wanda aka cuta ba shi da abin da zai gyara. Mataki na gaba kuma ya fi muni: tunda kowa maguɗi yake, ni ma bari in shiga da ƴar takarda a aljihu. Addininmu ya riga ya yi mana kashedi a Suratul Hujurat cewa a bincika labari kafin a cutar da mutane da shi cikin jahilci. Muna karantar da wannan da safe, da yamma radiyo da salula su warware.

Don haka ga abin da nake nema. Masu shirya kokowa, tun daga zaɓen gunduma har zuwa hukumar ƙasa, su ɗauki darasin alƙalin Amurka da bai rubuta awonsa ba. A duba jikin kowane ɗan kokowa gaban wakilin abokin karawarsa kafin kamu, a rubuta, kowa ya sa hannu. In an shigar da ƙara, a faɗi hukuncin da dalilinsa a bainar jama'a a ranar, tunda hoton tele yana nan ana iya komawa gare shi. Shirun hukuma shi ne takin jita-jita.

Masu radiyo da masu shafuka su ɗaura wa kansu ƙa'ida uku: kada su ambaci sunan mutum da zargi sai sun ji ta bakinsa, su bambanta abin da suka gani da abin da aka gaya musu, in kuma labarinsu ya tashi ƙarya su gyara shi a shirin da suka faɗe shi, da muryar da suka faɗe shi, ba a wutsiyar shiri ana kiɗa ba.

Mu malamai, aikin nan a hannunmu yake, kuma ba ya buƙatar kuɗi. A ɗauki ƙwallon makaranta a kai wurin mai faci ya auna iskarsa da tsakar rana, a bar shi ya kwana a waje cikin sanyin Janairu, a sake aunawa da sassafe da ma'aunin nan dai, yara su rubuta lambobin da hannunsu. Darasin kimiyya ne, darasin tarbiyya ne kuma. A wasannin tsakanin makarantu, mu fara da kanmu: kada malami ya sa yaron da ya san ya wuce shekaru, kada kuma ya koya wa yaransa zagin alƙali in an ci su. Mu saba musu da tambayoyi huɗu a duk labarin da suka kawo: wa ya gani, da me ya auna, yaushe, kuma me wanda ake zargi ya ce?

Iyaye kuma, idan murya ta shigo salularku tana cewa an cuci ɗan jiha, ku yi mata abin da kuke yi wa mai hatsi a kasuwa. Ku ce a kawo tiya. In babu, kada ku tura wa kowa, kuma kada ku maimaita gaban yaro. Ku bar shi ya ji daga bakinku cewa namu ya yi iya ƙoƙarinsa, wancan ya fi shi a yau, baɗi sai a ƙara shiri. Yaron da ya iya faɗin haka a kan ɗan kokowar garinsu zai iya faɗin haka a kan takardar jarrabawarsa, ya koma ya buɗe littafi.

Allah ya sa mu gane, ya kuma tsare harsunanmu daga cin naman bayin Allah.